Mara lafiya na kan maganin shanye tsoka amma hawaye na zubo masa, bacci yake ko yana ji?

SabuwarNas:

Assalamu alaikum manyanmu, don Allah ku taimaka min da haske, abin nan ya hana ni sukuni tun jiya. Sati uku kenan da aka maido ni sashen kulawa ta musamman, da can a ɗakin jinyar maza nake, so har yanzu koyo nake. Jiya ina aikin dare, akwai wani bawan Allah da huhunsa ya yi tsanani sosai, yana kan injin numfashi, an ɗora masa atirakuriyam, maganin shanye tsoka, a famfon allura saboda yana ta kokawa da injin, ga midazolam na bacci da mofin na kashe zafi suna tafiya ta wani layin daban. Wajen ƙarfe 2 muka zo zuƙe masa majina mu juya shi, sai na ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa na dama har ya shiga kunne, goshinsa duk gumi, bugun zuciya da yake zaune a 88 ya haura 130, hawan jini ma ya tashi, amma ko ɗan yatsa bai motsa ba. Na ce wa wadda muke tare anya bawan Allahn nan ba ya ji kuwa, ta ce min ke bacci yake, kin ga ya motsa ne? Na yi shiru don ta girme ni a aikin. Can bayan kamar minti 20 sai famfo ya kama ƙara, muka bi layin, ashe na maganin baccin ne ya lanƙwashe a ƙarƙashin kafaɗarsa, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe. Muka gyara, likita ya zo ya ƙara masa, bugun ya sauka.

Tambayata ita ce a wannan lokacin idonsa biyu kenan yana jin duk abin da muke masa? Kuma mutumin da ba zai iya motsi ba ta yaya zan gane yana cikin wahala? In akwai wasu abubuwan da ya kamata in riƙa lura da su a kan masu irin wannan maganin don Allah a faɗa min, a makaranta gaskiya shafi biyu aka yi mana aka wuce.

Anti_Sista:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Da farko dai ki daina zargin idonki, abin da kika gani daidai kika gani, kuma tambayar da kika yi wa abokiyar aikinki ita ce tambayar da ake so nas ta yi.

Maganin nan na shanye tsoka ba ya sa bacci, ba ya kashe zafi ko kaɗan, ba ya ma shiga ƙwaƙwalwa. Ni sunan da muke kiransa a bakin aiki, rilaksan, shi nake ganin yana ruɗar sababbin shiga, sai mutum ya ɗauka wani hutu yake ba mara lafiya. Inda jijiya ta haɗu da tsoka akwai wani sinadari, asitilkolin, da jijiyar ke saki ya je ya zauna a gurbinsa sannan tsoka ta motsa, kamar makulli da kwaɗo. Su atirakuriyam da rokuroniyam da bekuroniyam zuwa suke su toshe bakin kwaɗon, saƙo na fitowa daga ƙwaƙwalwa lafiya lau amma ba ya isa. Kunne na ji, fata na jin zafi, hankali na nan daram, sai dai ba hannu ba murya ba ko ƙifta ido. Saboda haka maganar wai "kin ga ya motsa ne" ba hujja ba ce, ai mu muka hana shi motsin.

Ko ya farka a daren jiya, shi kaɗai zai iya faɗa in Allah ya tashi kafaɗunsa, don midazolam na sa mantuwa kuma bayan layi ya toshe akwai sauran magani a jiki na ɗan lokaci. Amma hawaye da gumi da bugun zuciya da hawan jini a tare, ga layin bacci a lanƙwashe, ni a wajena na ɗauka yana ji har sai an tabbatar min da akasin haka. Alamomin da suka rage mana kenan tunda zuciya da gumi da ƙwayar ido ba irin tsokar da maganin ke kamawa ba ce. Ki riƙa duba baƙin idon ma, yakan buɗe in mutum na cikin tsoro ko zafi, kuma yana amsa hasken tocila ko da an shanye jikin gaba ɗaya. Sai dai kar ki dogara da bugun zuciya shi kaɗai, wanda ke kan maganin rage bugu zai iya kasancewa a farke lamba ba ta motsa ba. Haka kuma bugu na tashi saboda iska ta yi ƙasa, ko zazzaɓi, ko mafitsara ta cika don robar fitsari ta toshe, ko ruwan jiki ya yi kaɗan, duk ki duba su, amma kina duba su kina duba maganin bacci a lokaci guda.

Abin da nake koya wa duk wadda ta zo hannuna, da kin karɓi aiki ki sa hannunki a kan kanula ki bi layin da yatsa har zuwa sirinji, kowane layi, sannan duk juyin da aka yi ki sake bi. Kar ki jira ƙarar famfo. Idan magani na tafiya mil 2 ko 3 a awa, kafin matsi ya taru har famfo ya gane an toshe ana iya ɗaukar dogon lokaci, abin da ya same ku jiya kenan. Ki duba sirinjin da ido ki ga yana raguwa daidai da lissafi, kuma ki haɗa sabo tun na kai bai ƙare ba, maganin baccin wanda ke kan rilaksan ba a barinsa ya yanke ko na minti 5.

Tsarin kuma ba ya canzawa, bacci da maganin zafi su fara shiga su kama sosai sannan a shanye tsoka, in za a tsaya kuma rilaksan ake fara cirewa, a jira ƙarfi ya dawo, sannan a fara rage bacci. Hutun maganin bacci da ake ba masu injin numfashi da safe don a ga yadda suke, ba a yi wa wanda ke kan rilaksan, ko wa ya ce ki yi ki tsaya ki tambaya.

Sauran kulawar kuwa ki ƙaddara duk abin da jikinsa ke yi wa kansa yanzu ya dawo wuyanki. Ba ya ƙifta ido, to ido zai bushe har baƙin ya yi gyambo, na taɓa ganin wanda ya warke daga ciwon huhu ya fita da tabo a ido, abin ya tsaya min a rai har yau, ki wanke ki sa man ido a kan lokaci ki tabbatar fatar idon ta rufe ruf, in ba ta rufuwa a manne ta. Ba ya tari, majina sai kin zuƙe, kuma ba zai nuna miki ta taru ba sai dai ki saurari ƙirji ki kalli matsin injin. Ki ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 in ba a hana ba, ki wanke baki. Ba ya gyara kwanciya, juyi duk awa 2, ki duba ƙeya da dunduniya da ƙugu da gefen baki inda bututu ya danne. In za ku juya shi mutum ɗaya ya riƙe kai da bututu kawai, kar a ja shi ta hannu don ba tsokar da ke riƙe kafaɗa, tana iya gocewa. Ki motsa masa gaɓoɓi, ki tuna wa likita maganin hana daskarewar jini in ba a rubuta ba. Jakar ambu, wato ta matsa wa mutum numfashi da hannu, da abin rufe fuska su kwana a kan gadon, kuma ƙarar injin numfashinsa ba a kashe ta, don in bututu ya cire shi ba zai ja ko numfashi ɗaya da kansa ba.

Sannan ki riƙa yi masa magana. Ki kira sunansa, ki ce ni ce wance, yanzu ƙarfe kaza, zan zuƙe maka majina zai ɗan dame ka, magani ne ya hana ka motsi kuma zai sake ka. 'Yan uwansa ma ki ce su yi masa magana su riƙe hannunsa, kuma kar a tsaya kansa ana hirar da ba za a so ya ji ba.

MalamTiyata:

Anti ta gama magana a ɓangaren ɗakin kulawa, Allah ya ƙara girma. Sista bari in ƙara miki ta ɓangarenmu na tiyata da sa bututu, don wata rana da tsakar dare ke za a ce ki zuƙo maganin.

Wannan tambayar taki likitoci ma sun yi ta a farko. Asalin maganin daga kurare ne, dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya, dabba ta faɗi ta kasa numfashi. A watan Janairun 1942 Harold Griffith da Enid Johnson suka fara amfani da shi a tiyata a Montiriyal ta Kanada, kuma a shekarun farko akwai masu ganin kamar yana gusar da hankali tunda mutum na kwance shiru. Sai wani likitan bacci a Yuta ta Amurka, Scott Smith, ya sa abokan aikinsa suka yi masa allurar yana farke suna ba shi numfashi, aka buga sakamakon a 1947, ya ce duk abin da ake faɗa yana ji, tsirar allura yana jin ta, kuma miyau ya taru masa a maƙogwaro ya kasa haɗiyewa kamar zai shaƙe. A Birtaniya ma babban binciken da aka fitar a 2014 kan masu farkawa ana tsakiyar aiki ya nuna kusan mutum 1 cikin 8,000 ne ke kawo rahoton hakan in an yi amfani da maganin shanye tsoka, in ba a yi amfani da shi ba kuwa kusan 1 cikin 136,000. Kin ga bambancin, wanda ba a shanye ba in bacci ya yi masa kaɗan zai motsa a gani a ƙara.

Iri biyu ne. Akwai sukzametoniyam, mu saks muke cewa, shi kaɗai ne a gidansa, miligiram 1 zuwa 1.5 kowane kilo, cikin ƙasa da minti ɗaya ya kama, minti 5 zuwa 10 ya saki. Shi buɗe kwaɗon yake ya maƙale a ciki, shi ya sa za ki ga jiki ya ɗan yi karkarwa daga fuska zuwa ƙafa kafin ya saki, kar ki tsorata ba farfaɗiya ba ce, kuma washegari wasu kan yi kukan ciwon jiki musamman matasa. Haɗarinsa fotasiyam, wani gishiri da ke cikin jini. A mai lafiya yana ɗaga shi kamar 0.5 ne, ba komai, amma wanda ya ƙone bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ko wanda abu ya danne ya murƙushe tsoka, ko mai raunin laka, ko wanda ya daɗe kwance ba motsi kamar marasa lafiyarku na sashen kulawa, fotasiyam ɗin na iya tashi ya tsayar da zuciya nan take. In aka ce ki zuƙo saks wa wanda ya yi sati biyu a gado ki buɗe baki ki faɗi kwanakinsa da sakamakon fotasiyam na ƙarshe, likita mai hankali godiya zai miki. A yara ko a allura ta biyu yana rage bugun zuciya, atirofin mai ɗaga bugun ya kasance a kusa. Sai kuma wani mugun zazzaɓi na gado da saks da iskar bacci ke tayarwa, alamar farko ba zafin jiki ba ce, iskar kabon da ake fitarwa ce ke ta hawa ba dalili, muƙamuƙi ya ƙage, zuciya ta yi gudu, zafin daga baya yake zuwa. Maganinsa dantirolin, ana farawa da miligiram 2.5 kowane kilo, ki san inda ake ajiye shi tun yau kar sai ranar.

Ɗaya gidan su ne masu toshewa da Anti ta faɗa. Rokuroniyam miligiram 0.6 kowane kilo, in ana gaggawa a ba da 1.2 ya kama da sauri kusan kamar saks, amma fa zai daɗe, kuma nan ne ake yawan cutar mara lafiya, an ba shi furofofol ko ketamin allura ɗaya an sa bututu, kowa ya sauke ajiyar zuciya ana ta neman gado ana rubuce-rubuce, maganin baccin ya saki cikin minti 10, rokuroniyam kuwa yana nan har awa ɗaya ko fiye. Ni kafin a fara nake haɗa maganin baccin da za a ci gaba da shi in ajiye a gefe. Atirakuriyam ana sonsa ga mai ciwon ƙoda ko hanta don da kansa yake narkewa a jini, sai dai yana iya sa jan fata da saukar jini da shaƙewar ƙirji. Kuma duk gidan nan suna cikin manyan masu jawo mummunan borin jini a tiyata, adirenalin kar ta yi nisa.

Kafin kowace allura ta shiga, iska na zuwa, abin zuƙa na ja, ambu, bututu da na ko-ta-kwana, abin leƙa maƙogwaro fitilarsa na kamawa, kanula na tafiya, da wanda ya iya riƙe hanyar iska tsaye a kai. In ɗaya babu, ba a turawa.

Awon shanyewar kuma da wani ɗan inji mai ba jijiya bugun lantarki huɗu ake yi, a manna wayoyi biyu a wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, a kalli babban yatsa sau nawa zai motsa. In huɗu suka fito, abin da aka toshe bai kai kashi 75 cikin ɗari ba, in ɗaya ne kusan kashi 90, in babu ko ɗaya ya yi zurfi. A sashenku galibi 1 zuwa 2 ake nema. In kika ga sifili kar ki yi saurin rubutawa, duba batir, duba ko hannun ya kumbura ko ya yi sanyi ko wayar ta bushe. Kuma ki tuna ƙarfin tsoka kawai yake aunawa, ba ruwansa da zurfin bacci.

MamanIlham:

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ce nas ta turo min wannan ta ce in karanta, na ga ya kamata in faɗi nawa. Shekara 4 da suka wuce aka yi min wani ɗan ƙaramin aiki, aka ce minti 20 ne. Abin da na fara sani shi ne ina jin muryoyi, ana kiran sunana ana cewa buɗe ido, ina so in buɗe wallahi kamar an ɗinke, ina so in ɗaga hannu babu, ga abu a maƙogwarona ana hura min iska ba lokacin da nake so ba. Na ɗauka mutuwa ce, na yi ta salati a zuciyata. Ina ji wani ya ce har yanzu ba ta dawo ba fa, nan tsoron ya ƙaru. Sai wata nas, ban taɓa ganin fuskarta ba har yau, ta kama hannuna ta sunkuyo daidai kunnena ta ce Hajiya in kina jina kar ki ji tsoro, magani ne bai sake ki ba, mu muke miki numfashi kuma ba za mu bar ki ba, yanzu za mu mayar da ke bacci. Daga nan ban sake sanin komai ba sai da yamma.

Daga baya likita ya zaunar da ni ya ce jinina ba shi da isasshen sinadarin da ke narkar da wancan maganin, saks ɗin da Malam ya faɗa, abin da ke sakin mutane cikin minti kaɗan ni sai da ya yi awanni, kuma gado ne, aka ba ni takarda in riƙa nunawa duk inda za a min aiki aka ce 'yan uwana ma su gwada. Na yi watanni ina firgita cikin bacci. Amma duk lokacin da abin ya dawo min muryar baiwar Allahn nan ce ke biyo baya, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Sista ki riƙa yi musu magana don Allah, ana ji.

NasKB:

Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Malam ni inda nake da ja, ba ko'ina ake da injin bugu huɗun nan ba, mu a ɗakin farfaɗowa ɗaga kai na daƙiƙa 5 da matse hannu muke amfani da su tun da na fara aiki kuma muna sallamar mutane lafiya. Sannan ai ana ba da neyostigmin, maganin warware shanyewar, a ƙarshen aiki, in an ba da shi kuma mutum na numfashi da kansa me ya rage?

MalamTiyata:

Malam KB na fahimce ka, in babu injin dole ka yi da abin da ke hannunka, ban ce a daina ba. Amma ka san iyakarsa. Mutum na iya ɗaga kai daƙiƙa 5 alhali da sauran magani a jikinsa sosai, ma'aunin da aka yarda da shi yanzu shi ne bugu na huɗu ya kai kashi 90 cikin ɗari na bugun farko, kuma ido ko yatsa ba sa iya gane wannan sai injin da ke ba da lamba. Abin da ke yaudararmu shi ne tsokar numfashi ta ƙasan huhu ita ce mai taurin kai, ita ke dawowa da wuri, tsokokin maƙogwaro da na haɗiya kuwa su ne 'yan baya. Sai ka ga ƙirji na ɗagawa kowa ya ce ya dawo, alhali harshe na faɗawa baya kuma ba zai iya kare huhunsa daga miyau ko amai ba.

Ga abin da nake kallo a ɗakin farfaɗowa, mutum na fizge-fizge kamar kifin da aka fitar daga ruwa, ya ɗaga hannu ya faɗi, yana ɗage gira don ya buɗe ido fatar idon na saukowa, murya can ƙasa, miyau na taruwa, ya ce yana ganin abu biyu-biyu, numfashi sama-sama da sauri. Da yawa sai a ce rigima ce ko zafi, a ƙara masa maganin zafi mai sa bacci, nan kuma aka ƙara dagula lamarin. Ka ɗaga kansa, ka ba shi iska, ka riƙe muƙamuƙi in ya kama, ka kira likitan bacci, ka gaya wa mara lafiyar abin da ke faruwa.

Neyostigmin kuma yana da rufi, ba ya tayar da wanda ya yi zurfi, sai tsoka ta fara dawowa da kanta yake taimakawa, yana ɗaukar kusan minti 10 kafin ya kai ƙarfinsa, ba a wuce miligiram 5, kuma dole a haɗa shi da atirofin ko gilaikofairolet in ba haka ba zuciya ta yi ƙasa miyau ya yi ta zuba. A saks ba ya aiki, yana ma iya tsawaita shi, irin su Hajiya maganinsu injin numfashi da bacci da haƙuri har ya saki. Sugamadeks shi daban ne, kama maganin yake ya rungume, miligiram 2 ko 4 kowane kilo gwargwadon zurfi, 16 in gaggawa ce, amma rokuroniyam da bekuroniyam kawai yake kamawa, atirakuriyam ko a jikinsa. In an ba mace mai shan ƙwayar tsarin iyali ko mai ashanar hannu a gaya mata kafin ta tafi yana iya raunana su, ta bi umarnin ƙarin kariya, galibi kwana 7. Ka kuma lura da masu tsawaita shanyewar, sanyin jiki, magneziyam da ake ba masu jijjigar haihuwa, jentamisin da danginsa, fotasiyam in ya yi ƙasa, ciwon ƙoda.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa, a wanke kanula da ruwan gishiri kafin mutum ya bar tiyata, kowace kanula, har wadda ba a cika amfani da ita ba. Ɗan abin da ya maƙale a cikin robar ya isa, a kai mutum ɗaki lafiya yana magana, bayan awa biyu nas ta zo ba da maganin rigakafin ƙwayoyin cuta ta tura ragowar, sai kawai ya ɗauke numfashi ido buɗe. A yara abin ya fi muni don jikin ƙarami ne. In kana karɓar mara lafiya ka tambaya da bakinka, an wanke layi?

Ɗan_Famasi:

Ni ta wajen ajiya zan shigo. Saks da atirakuriyam da rokuroniyam a firji suke zama, digiri 2 zuwa 8, in an fitar a rubuta ranar a jiki a bi abin da takardar kamfani ta ce, don zafi na rage musu ƙarfi. To matsalar ita ce a firjin nan ɗaya ake tura su tare da insulin da oksitosin da alluran rigakafi, ƙananan kwalabe masu kama da juna, da dare ido ya gaji. A sa su a akwati mai murfi su kaɗai, a rubuta da manyan baƙi cewa yana tsayar da numfashi, kuma ɗakin da ba a sa bututu ba shi da dalilin ajiye su sam. Sirinji kuma da an zuƙa a manna masa jar takardarsa nan take kafin a ajiye, wanda ba suna a zubar ko wa ya zuƙa.

A 2017 a jihar Tenesi ta Amurka wata nas ta je ɗauko midazolam wa wata dattijuwa da za a yi wa hoto, ta neme shi da sunan kamfani Versed a akwatin magani mai kwamfuta, ta danna haruffa biyu na farko V da E, sai bekuroniyam ya fito don da turanci da su yake farawa. Gari ne ma da sai an dama, ga gargaɗi a murfin, amma ta yi allurar ta tafi ba a tsaya lura da matar ba, matar ta rasu. A 2022 kotu ta same ta da laifi, aka yi ta muhawara a kai don ita ta faɗi kuskurenta da kanta kuma tsarin asibitin ma yana da nasa ramukan. Ni abin da na ɗauka a ciki, a karanta kwalba da baki mutum biyu su gani, kuma duk wanda aka yi wa allurar da ake zaton ta bacci ce a tsaya a kansa a ga numfashinsa, da an tsaya na 'yan mintuna da ambu kawai zai riƙe ta.

SabuwarNas:

Na gode ƙwarai Anti, Malam, da kowa. Hajiya wallahi na karanta naki sau uku, Allah ya ƙara miki lafiya. Yau da na shiga na bi layukansa da hannu kamar yadda Anti ta ce, na maido na baccin ta saman bargo inda ido zai riƙa ganinsa, na tarar idonsa na hagu ba ya rufuwa duka na sa mai na manne. Na gaya masa sunana da ranar da muke, na ce masa magani ne ya riƙe shi. Anti abin da ya rage min shi ne na jiya, in rubuta rahoto ne? Ina tsoron kar abokiyar aikina ta ga kamar ƙararta na kai.

Anti_Sista:

Ki rubuta ƙanwata. Ki same ta tukuna ku biyu ki ce ga abin da za ki rubuta, in ta yarda ku sa hannu tare, abin da ya faru kawai za ki sa, lokaci da lambobi da inda layin ya lanƙwashe da abin da aka yi, ba sunan mai laifi. Ki sa a fayil ɗinsa ma, ki faɗa wa likitan da ke kula da shi, don in an cire bututu ya dawo hayyacinsa a samu wanda zai zauna ya tambaye shi a hankali ko yana tuna wani abu, in ya ce yana tunawa a yarda da shi a ba shi haƙuri a yi masa bayani, kar a ce mafarki ya yi. In kina aiki ranar ki nemi a bar ki ki shiga tare da likitan.